Komawar Yusuf Islam Fagen Waƙa: Yadda Aka Haɗa Faifan 2006

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

  

Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau shi ne yadda shahararren mawaƙi, bayan ya daɗe da barin fage har mutane sun fid da tsammani, yake komowa ya haɗa sabon faifai. Kuma tun da yake magana a dunƙule ba ta cika amfanar da mai sauraro ba, na ga ya fi kyau in ɗauki mutum guda, wanda labarinsa yake a rubuce, ayyukansa kuma suke hannun jama'a, mu bi sawunsa tun daga ranar da ya ajiye jitarsa har zuwa ranar da ya sake ɗaukarta. Mutumin nan shi ne Yusuf Islam, wanda duniya ta fara sani da suna Cat Stevens, faifan kuwa shi ne An Other Cup, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2006, shekara 28 bayan wanda ya gabace shi.

Komowar mawaƙa ba baƙon abu ba ce a kasuwar waƙa ta Turai da Amurka. Tina Turner ta komo a 1984 da faifan Private Dancer tana da shekara 44, bayan kasuwa ta daɗe da juya mata baya. Ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin kuma ta fitar da Voyage a 2021, shekara 40 bayan faifanta na ƙarshe. Amma irin waɗannan, abin da ya raba su da fage ko dai sanyin kasuwa ne, ko rabuwar abokan aiki, ko gajiya, saboda haka ba su bukatar kome wajen komowa face murya, da waƙa mai kyau, da kamfanin da zai zuba kuɗi. Shi kuwa Yusuf da ƙafarsa ya fita, a lokacin da faifansa suke sayuwa da miliyoyi, kuma abin da ya fitar da shi mas'ala ce ta addini. Don haka bai isa ya shiga situdiyo ba sai da ya koma kan mas'alar nan ya warware ta tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da nake so ku riƙe ke nan a duk tsawon wannan lacca: faifan 2006 an fara haɗa shi a cikin littattafan fiƙihu tun kafin a kunna makirfo, kuma duk wanda ya saurare shi da kyau zai ji alamar haka, a inda ya yi ƙarfi da kuma inda ya yi rauni.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli, 1948, iyayensa suka raɗa masa suna Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne mutumin tsibirin Ƙubrus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin, suna da gidan abinci a titin Shaftesbury, tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo, inda yaron ya tashi kunnensa cike da kiɗa. Yana da shekara 18 waƙoƙinsa suka fara tashe. Bai daɗe a cikin wannan rayuwa ta dare da hayaƙi da yawon wasa gari gari ba, sai tarin fuka ya kwantar da shi, ya yi watanni a asibiti a garin Midhurst, ya kuma shafe kusan shekara yana jinya. A kan gadon nan ne ya fara tafakkuri a kan mutuwa da ma'anar rayuwa, ya rubuta waƙoƙi wajen 40, kuma da ya miƙe sai ya watsar da salon ƙaho da goge masu yawa da aka ɗora masa a farko, ya koma ga murya da jita da fiyano. Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya ɗauke shi. Paul Samwell-Smith ya zama furodusansa. Wani makaɗin jita mai suna Alun Davies ya zama abokin tafiyarsa. Daga wannan haɗuwa aka sami Mona Bone Jakon da Tea for the Tillerman a 1970, da Teaser and the Firecat a 1971, su ne suka kai sunansa kowace nahiya. Ashe ke nan ya riga ya taɓa komowa sau ɗaya, kuma ya san cewa kaɗaici da ibtila'i suna iya zama makaranta ga mai fasaha.

Waƙoƙin wancan zamani, in kun lura, kusan dukkansu waƙoƙin mai nema ne, mutumin da ya san akwai abin da ya rasa amma bai san sunansa ba. Ya leƙa addinin Buddha, ya leƙa ilmin taurari da na lissafin haruffa, bai sami natsuwa ba. A tsakiyar shekarun 1970, yana iyo a tekun Malibu a jihar Kalifoniya, igiyar ruwa ta ja shi har ya ga halaka ƙiri-ƙiri, ya roƙi Allah ya kuɓutar da shi bisa alkawarin zai yi masa aiki, sai ga wata igiyar ta turo shi gaɓa. Haka shi da kansa ya sha ba da labari. Bayan haka ɗan'uwansa David ya dawo daga ziyarar birnin Ƙudus ya kawo masa tarjamar Alƙur'ani kyauta. Ya karanta, ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ratsa shi, ya karɓi kalmar shahada ranar 23 ga Disamba, 1977, a babban masallacin Landan da ke Regent's Park, a shekarar da ta biyo kuma ya ɗauki suna Yusuf Islam. Akwai sauran faifai guda da kamfani ke binsa bisa yarjejeniya, ya cika alkawari da Back to Earth a Disamba 1978, ya yi wasansa na ƙarshe a Wembley a Nuwamba 1979 don taimakon asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1981 kuma ya sa aka yi gwanjon jitocinsa aka ba da kuɗin sadaka.

To, a nan ne ya kamata mu ɗan zauna, domin mas'alar da ta fitar da shi ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi karatun zaure a cikinmu. Ɗalibin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa marubucin ya hana sauraron kayan wasa da waƙa da gangan, kuma a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa jamhurun malaman mazhabobi huɗu suka tafi, in aka cire bandiri a wajen aure da makamancinsa. Hujjojinsu sanannu ne: aya ta 6 ta Suratu Luƙman tare da tafsirin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, da kuma hadisin da Bukhari ya kawo wanda ya ambaci kayan kiɗa a cikin abubuwan da wasu mutane za su halatta. Amma fa maganar ba ta tsaya nan ba. Ibn Hazm, malamin Andalus, ya soki isnadin hadisin nan a cikin Muhalla, ya ce yankakke ne, ya tafi a kan halacci. Ibn Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani, suka ce hadisin sadajje ne ingantacce. Imam Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din don ladubban sama'i, inda ya rataya hukunci a kan halin zuciyar mai sauraro da abin da waƙar ta ƙunsa. Ko da yake shi ma ya togace masu tsirkiya da wasu na busa, amma illar da ya kawo ita ce sun zama alamar majalisar mashaya, wanda ya buɗe ƙofar tambaya ga na baya: idan illar ta gushe, shin hukuncin yana nan? A zamaninmu Shaikh Yusuf Ƙardawi ya halatta da sharuɗɗa a cikin littafinsa na halal da haram, wasu manyan malamai kuma suka yi masa raddi. Mu ma a ƙasarmu an yi wannan muhawara: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a rubuce-rubucensa na bayan jihadi irin su Najmul Ikhwan, ya sassauta, ya ja kunnen almajirai da kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a cikinsa, alhali kuwa ƙanensa Malam Abdullahi ya fi karkata ga tsanantawa. Ban zo nan don in yi fatawa ba, ga ma'abota fatawa nan zaune a gabana. Abin da nake so ku gani shi ne girman tekun da sabon musulunta, wanda bai iya Larabci ba tukuna, ya tsinci kansa a ciki a 1978.

Shi da kansa ya faɗi cewa limamin da ya fara tambaya bai hana shi ci gaba ba, muddin waƙoƙin ba su saɓa wa tarbiyya ba, amma wasu suka ce masa haramun ne. Da ya ga maganganu sun sha bamban, shi kuwa ba shi da ilmin da zai rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, sai ya ɗauki hanyar tsantseni, ya bar abin da yake kokwanto zuwa ga wanda ba ya kokwanto. A ganina ya yi daidai a wancan lokaci, kuma akwai wani dalili bayan na fiƙihu, wanda shi ma bai ɓoye ba: sana'ar da ya fito daga cikinta gida ce ta ujubu da riya da bautar shuhura, kuma mutumin da dubban jama'a suka saba yi wa ihu kowane dare yana bukatar shekaru na shiru kafin ya gane muryar nafsu daga muryar gaskiya.

Shekarun nan ba na zaman banza ba ne. Ya kafa makarantar firamare ta Islamia a arewa maso yammacin Landan a 1983, ya yi ta fafutuka har gwamnatin Ingila ta yarda ta riƙa ba ta tallafi a 1998, abin da makarantun Kirista da na Yahudawa suka daɗe suna samu; yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985.

Komowar ba dare ɗaya ta faru ba, hawa hawa aka yi ta, kuma kowane mataki yana da sababinsa. A 1995 ya fitar da faifan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda akasarinsa karatu ne da baki, sai 'yan waƙoƙin yabo da murya da bandiri kawai. Yaƙin Bosniya ya ƙara buɗe masa ido, domin a can ya ga Musulmin Turai, waɗanda ake kashewa don addininsu, suna riƙe da waƙa a matsayin abin da ke ɗaure musu zuciya. Wata waƙa ta Dokta Irfan Ljubijankić, ministan harkokin wajen Bosniya da aka kashe a 1995, ita ce ta zama ginshiƙin faifan da Yusuf ya haɗa a 1998 don tunawa da abin da ya faru. A 2000 ya fitar da A Is for Allah don koyar da yara. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda ya fito fili ya la'anta, ya rera tsohuwar waƙarsa ta zaman lafiya da murya zalla don taron taimakon mutanen birnin New York. Sa'an nan sai abin da ya fi kowanne tasiri ya faru a cikin gida: ɗansa, wanda shi ma ya tashi da son waƙa, ya shigo da jita, uban ya ɗauka wata rana, ya tarar yatsunsa ba su manta wuraren da suka saba sauka ba. A lokacin ya riga ya shafe fiye da shekara 20 yana karatu, ya san maganar masu hani da ta masu halattawa, ya kuma karanta tarihin yadda kayan kiɗa masu tsirkiya suka shiga Turai ta hanyar Musulmin Andalus, inda Ziryab ya sauka a Ƙurɗuba a shekara ta 822 ya kafa makarantar kiɗa. Ya rinjayar da halacci bisa sharaɗin tsarkin magana da kyawun manufa, ya rubuta dalilansa ya buga don kowa ya gani a 2005, daga baya ma ya mayar da bayanin littafi a 2014.

Kafin babban faifan ya gwada ƙafarsa a wurare kaɗan: taron Nelson Mandela na yaƙi da cutar ƙanjamau a birnin Cape Town a 2003, sake rera waƙarsa ta uba da ɗa tare da Ronan Keating a ƙarshen 2004, wadda ta kai mataki na 2 a Ingila aka ba da kuɗinta sadaka, da wata sabuwar waƙa a 2005 don marayun ambaliyar tsunami, wadda A. R. Rahman na Indiya ya sa hannu a cikinta.

Yanzu mu shiga situdiyo. Ga wanda bai san aikin ba, mawaƙi irin Yusuf yakan zo da waƙa tsurarta, murya da jita kawai, sai shi da furodusa su zauna su yanke saurin da za ta yi tafiya da shi, da tsayin muryar da ya dace da maƙogwaron mai ita, da kayan kiɗan da za su raka ta. A ɗauki ganga da abin da ke riƙe gindin kiɗa, a ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki murya sau da yawa a zaɓi mafi kyau, sa'an nan a daidaita ƙarfin kowane sauti, a tace duka a ƙarshe. A 1970 ana ɗaukar sauti ne a kan zaren kaset mai layuka ƙidayayyu, wanda ya tilasta wa mutane taƙaitawa, kuma daga wannan taƙaitawa ne tsofaffin faifansa suka sami sararin da ake jin numfashin mawaƙi a cikinsa. A 2006 kwamfuta ta kawar da iyaka, mutum yana iya ɗora layi ɗari in ya so, yana iya goge kowane ɗan kuskure, kuma jarrabawar mai aiki ta koma sanin inda zai tsaya. Ga kuma jiki: mai shekara 58 ba shi da muryar ɗan shekara 22, kuma wayar jita tana cin kan yatsa sai ya yi kanta. Rijiyar da aka daɗe ba a ja ba sai an yashe ta kafin ta ba da ruwa garai, ko da idonta bai ƙafe ba. Abin mamaki shi ne, kusan duk wanda ya saurari faifan ya shaida cewa muryar tana nan da taushinta da ɗan kaushin da aka san ta da shi.

Furodusan da ya zaɓa su yi aikin tare shi ne Rick Nowels, Ba'amurke, wanda ya yi aiki da Belinda Carlisle da Madonna da Dido, watau mutumin da ya san abin da gidajen rediyo na wancan zamani ke so. Zaɓin yana da ma'ana, domin wanda ya yi shekara 28 ba ya kasuwa yana bukatar ɗan jagora, kasuwar kuwa ta canza ƙwarai: cinikin faifai yana ta raguwa tun daga ƙarshen shekarun 1990, mutane sun koma sauke waƙa ɗaya ɗaya daga intanet. Amma don kada sabon ya yanke daga tsohon, sai ya kira Alun Davies, abokin jitarsa na 1970, ya dawo gefensa. Sautin jitocin nan biyu suna saƙa da juna shi ne abin da tsofaffin masoyansa suka fara ganewa.

Zaɓin waƙoƙin ya fi kome nuna abin da ke ransa. Waƙoƙi 11 ne a asalin faifan, kuma da gangan ya ɗinke jiya da yau. Waƙar da aka fara saki, Heaven/Where True Love Goes, ya gina ta ne a kan wani yanki na doguwar waƙarsa ta 1973, ya juya ƙaunar da ke cikinta ta fuskanci sama. I Think I See the Light tsohuwa ce daga faifan Mona Bone Jakon na 1970, wadda saurayi ya rera yana hasashen haske, yanzu dattijo ya sake rera ta bayan ya gan shi. Ta ƙarshe, Greenfields, Golden Sands, ya rubuta ta tun 1968 bai taɓa fitar da ita ba. Akwai kuma gajerun baitoci biyu da ya karanta a kan kiɗa, waɗanda ya tsamo ruhinsu daga Maulana Jalaluddin Rumi. Da wannan tsari yana gaya wa mai sauraro cewa mutum ɗaya ne tun farko, kuma Musulunci bai zo ya shafe abin da ya gabata na alheri ba, cika shi ya yi.

Waƙa ɗaya tak ya aro daga wajen wasu, ita ce Don't Let Me Be Misunderstood, wadda Nina Simone ta fara rerawa a 1964, kuma duk wanda ya san tarihinsa ya san dalili. A 1989 an ɗauki maganganun da ya yi game da fatawar kisa da aka yanke wa marubuci Salman Rushdie a matsayin goyon baya, gidajen rediyo da yawa a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa bai goyi bayan fatawar ba, ko da yake daga baya ya nuna nadama a kan yadda ya furta wasu kalmomin, kuma a ganina nadamar tana wurinta, domin harshen mutumin da duniya ke saurare amana ce mai nauyi. A Satumba 2004 kuma hukumomin Amurka suka karkatar da jirgin da yake ciki daga Landan zuwa Washington, aka sauke shi a garin Bangor na jihar Maine, aka mayar da shi gida, har ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, Jack Straw, ya nuna rashin jin daɗinsa ga takwaransa Colin Powell. Jaridu biyu na Ingila da suka danganta shi da ta'addanci ya kai su ƙara, suka ba da haƙuri suka biya diyya, ya miƙa kuɗin ga marayun tsunami. Saboda haka da ya rera waƙar nan a hankali, a kan goge masu nauyi, roƙo ne na gaske daga mutumin da aka yi wa mummunar fahimta ta fuska biyu: wasu Turawa suna ganinsa mai tsattsauran ra'ayi, wasu Musulmi kuma suna shirin ce masa ya yi sako-sako.

Wadda ta fi taɓa ni a faifan ita ce The Beloved, waƙar begen Manzon Allah, inda ya gayyaci Youssou N'Dour na Sanagal ya ɗora muryarsa. Gayyatar ba ta banza ba ce, domin shi ma Youssou, wanda almajirin ɗariƙar Muridiyya ne, bai daɗe da fitowa daga irin wannan gwagwarmaya ba: faifansa Egypt na 2004, wanda ya yabi shehunan Sanagal a cikinsa, har da Shehu Ahmadu Bamba da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ya sha suka a gida daga masu ganin bai dace mawaƙin zamani ya taɓa sunayen waliyyai ba, kafin ya ci lambar Grammy a 2005. Mutum biyu ne da suka san zafin tsayuwa tsakanin masallaci da dandali suka haɗu a kan yabon Annabi.

Har sunan da za a rubuta a bango sai da aka yi shawara a kansa. Ya bar Cat Stevens, bai kuma sa cikakken sunansa ba, ya rubuta Yusuf kaɗai, kamfani kuwa ya manna 'yar takarda mai tuna wa masu saye ko wane ne. Hoton bangon kofi ne wanda teku ke cikinsa. Faifan ya fita ta ƙaramin kamfaninsa tare da Polydor a Ingila da Atlantic a Amurka, ya shiga cikin 20 na farko a Ingila, ya kuma sami karɓuwa sosai a Jamus. A Disamba na shekarar ya yi waƙa a bikin lambar Nobel ta zaman lafiya a Oslo, ya kuma shiga Amurka ba tare da an tare shi ba.

To, mene ne hukuncina a kan aikin kansa? Ina ƙaunar faifan nan, amma ba zan ce ya kai Tea for the Tillerman ba, kuma dalilai biyu ne. Na farko, gogewar situdiyo ta yi yawa a wasu wurare, an cika sararin da ya kamata a bar wa murya. Na biyu ya fi zurfi: waƙar mai nema ta fi sauƙin shiga zuciya, domin kowa yana da tambaya, kuma mai tambaya abokin tafiyar mai sauraro ne; wanda ya riga ya sami amsa kuwa, yana cikin haɗarin ya hau mumbari ba da saninsa ba, waƙa ta koma wa'azi tsagwaronsa, alhali wa'azi yana da wurinsa da ma'abotansa. A waƙoƙi biyu ko uku Yusuf ya faɗa wannan rami, inda ya faɗi sakamakon mai kyau da mai mugun aiki kai tsaye, bai bar wa mai sauraro abin da zai gano da kansa ba. Inda ya yi nasara kuwa shi ne inda ya tsaya a matsayin bawa mai rauni, mai roƙo, mai bege. Kuma alama ta nuna shi ma ya lura, domin Roadsinger na 2009 ya fi sauƙin kaya, a 2017 kuma ya koma wurin Paul Samwell-Smith suka yi The Laughing Apple, wanda ya shiga takarar Grammy. Ba don faifan 2006 ya buɗe ƙofa ba, da babu ɗaya daga cikin waɗannan.

Saura magana ɗaya gare ku, musamman matasanmu masu sha'awar waƙa da kuma ɗalibanmu masu kishin addini. Wanda ya bi jamhur ya ƙaurace wa kayan kiɗa yana kan hujja mai ƙarfi, ba wanda ya isa ya kira shi mai ƙunci. Sai dai ina roƙonsa da kada ya fitar da Yusuf Islam daga da'irar mutanen kirki a kan mas'alar da Ibn Hazm da Gazali da Shehu Usmanu suka ga akwai abin tattaunawa a cikinta. Wanda kuma yake so ya kafa hujja da Yusuf don ya halatta wa kansa kowace irin waƙa, to, ya tuna cewa mutumin nan ya bar dukiya da shuhura fiye da shekara 20 don gudun shubuha, bai komo ba sai da ya yi karatu, kuma da ya komo bai rera batsa ko alfasha ba. Duk mai son ya yi koyi da shi a ɗaukar jita, ya fara yin koyi da shi a neman ilmi da tsare harshe.

 Allah ya gafarta mana kurakuranmu, ya sa mu dace.